Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kafin Ka Sayar Da Fijon Mahaifinka

A watan Janairun 2020, kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da wata Ford Mustang ƙirar 1968 a Kissimmee ta jihar Filorida, Amurka, a kan dala miliyan 3.74. Ita ce motar da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Iyali guda ne suka riƙe ta tun 1974, kuma ta shiga gwanjo da koɗaɗɗen fentinta da tsatsar jikinta. Da sun yi mata kwalliyar zamani, da sun goge abin da masu saye suka zo nema, wato shaidar cewa ita ce ɗin.

Mu ma muna da motar da ta cancanci irin wannan kulawa, Fijo 504. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar hakimi da shugaban makaranta, ita ce ta tasha a hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta ratsa Birnin Kudu, akori-kurarta kuma ta sha dakon gero da gyaɗa daga Gwaram da Sundimina.

Yau waɗanda suka rage suna fuskantar ƙaddara biyu. Wasu magada kan miƙa ta ga 'yan gwangwan, a daddatsa ta, a auna da kilo. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, sukan kai ta gareji a cire injinta a dasa na wata mota, a sauya kujeru da fitilu, a watsa mata fenti mai ƙyalli, sannan su yi mamakin yadda dillali ya ƙi taya ta ko da kuɗin gyaran. Dalilin a fili yake. Ado zaɓin mai shi ne, mai saye kuwa ba zai biya kuɗin sha'awar wani ba. Mai neman motar hawa zai ga tsohuwa ce, mai neman ta tarihi zai ga an ɓata ta.

Mai karatu zai iya cewa Jigawa ba Filorida ba ce, kuma wanda ke ciyar da iyali da motarsa ba ruwansa da asalin inji, ta tashi da safe kawai. Wannan magana gaskiya ce, ba kuma direban haya nake nufi ba. Ina magana ne da likita ko lauya ko malamin jami'a da ya gaji mota tana fake a ƙofar gida, wanda ba yunwa ce za ta sa ya sayar ba. A hannun irinsa ne 504 za ta tsira ko ta ƙare, domin an daina ƙera ta, kuma duk wadda aka narkar ta tafi ke nan.

Idan sayarwar ta zama dole, a yi ta da tsari. A nemo takardun asali, a tabbatar lambar shasi da ta inji sun dace da su. A gyara birki da waya da abin da ya shafi lafiyar tuƙi, a nemi kayan gyara irin nata a Ƙofar Ruwa ta Kano. Duk abin da aka cire, a adana shi a miƙa wa mai saye. A rubuta wanda ya fara mallakarta da inda ta yi aiki, a haɗa da tsofaffin hotuna, a kuma bayyana aibinta ba ɓoye-ɓoye.

Birnin Kudu ta yi suna da zane-zanen da mutanen da suka bari a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Garin da ya san darajar waɗannan bai kamata ya bari a auna motocin da suka yi masa hidima shekaru talatin a kan sikelin ɗan gwangwan ba.