Darasin Ƙananan Jiragen Ruwa ga Mahaɗar Kafanchan

A kogin Nilu na ƙasar Masar, tsakanin Luksor da Aswan, akwai ƙananan jiragen ruwa masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ƙalilan a ɗakunan alfarma. Tafiyar da mota kan gama cikin sa'o'i kaɗan, su sai sun kwana uku ko huɗu a kanta, amma kuɗin da fasinja ke biya ya ninka na mota nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne hutu da kallo suke sayarwa, ba sauri ba.

Wannan lissafi ya shafi Kafanchan, duk da cewa dogo ne jarinta, ba kogi ba. Tun 1927 garin ya zama mahaɗa, inda layin Fatakwal zuwa Kaduna ya yi reshe zuwa Jos, daga baya aka miƙa shi daga Kuru har Maiduguri a 1964. A zamanin da jiragen ke kai da kawo, akwai taragon kwana na masu hali.

A Afirka ta Kudu, kamfanin Rovos Rail ya fara irin wannan ciniki a 1989 da tsofaffin taragai da ya gyara, a kan dogo mai faɗin milimita 1,067, daidai da na Kafanchan. Ke nan rashin gudun tsohon layi ba aibu ba ne ga mai son kallo. Kudancin Kaduna kuwa ba ta rasa abin nunawa ba: ga ruwan Matsirga, ga tsaunin Kagoro da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, ga kuma Nok, wadda kayan tarihinta suka shahara a duniya.

Sai dai ba a fara gini daga rufi. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya nuna cewa babu baƙon da zai biya kuɗin ɗaki alhali yana fargabar ransa. Haka kuma 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba za su iya ɗaukar nauyin kula da dogo ba. Kaya ne ke riƙe layi, musamman cittar Kachia da Kwoi.

Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, ya kamata gwamnatin Kaduna ta haɗa kai da ta tarayya wajen gyaran layi da tsaro. Taragon alfarma kuwa a bar wa 'yan kasuwa su zuba kuɗinsu, bisa sharaɗin ɗaukar ma'aikata da sayen abinci a yankin. In ba haka ba, baƙi za su wuce suna leƙe ta taga, mutanen Kafanchan kuma su tashi da hayaƙi kawai.