Ra'ayinmu: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Ƴan kasuwarmu na Sanam da Filinge masu saro caja da igiyoyin salula daga Yamai, wannan magana taku ce. Yau kusan duk sabon kaya baki ɗaya gare shi, wanda ake kira USB-C, tun da Tarayyar Turai ta wajabta shi ga salula daga Disamban 2024, ga kwamfutar hannu kuma daga Afrilun 2026. Amma shigar igiya cikin rami ba ita ce aiki ba.

Ƙaramar cajar salula wat 5 zuwa 20 take bayarwa, kwamfuta kuwa galibi 45 ko 65 take so. Lambar tana rubuce jikin caja, kusa da harafin W. Igiya ma haka: wata caji kaɗai ta iya, ba ta kai hoto ga talabijin. Ramin kwamfutar kansa ba kowane ke fitar da hoto ba. Malamin makaranta ya saya, ya koma ƙauye, abu ya ƙi. Wa zai zaga? Kai mai tebur.

Abin da ya fi damun mu shi ne cajar nan marar suna, marar nauyi, mai ɗaukar zafi nan take. Hajiya mai sayar da wake, duk lambobin masu bashinta suna cikin salularta. In batir ya kumbura, wa zai biya ta?

Saboda haka muna kira gare ku: ku gwada kaya gaban dillali kafin ku biya, ku ma ku bar mai saye ya jona na'urarsa nan tebur kafin ya tafi.