HUTUN MIJI DA MATA: IN BABU TEKU, AI GA WIKKI

A wannan mako filin namu zai taɓo wata magana wadda waɗansu za su ɗauka wasa ce, alhali kuwa tana da nauyi ƙwarai ga zaman iyali. Maganar kuwa ita ce hutun miji da mata, watau magidanci ya ɗauki iyalinsa su bar gari na 'yan kwanaki, su je wani wuri mai ruwa da inuwa su zauna, ba don jinya ko ta'aziyya ko biki ba, sai don hutun kansa kurum.

Abin da ya jawo maganar shi ne hotunan nan da suka cika wayoyin hannu da kalandu, inda za ka ga mutum da matarsa zaune a kan farin yashi a bakin teku, ƙarƙashin itatuwan kwakwa, a Mombasa ko Zanzibar ko Gambiya. A majalisun Bauci, daga Wunti zuwa Yalwa, mutane sun kasu biyu game da su. Waɗansu samarin ma'aikata suna kallo suna haɗiyar yawu, suna cewa sai ranar da Allah Ya hore musu kuɗin jirgin sama. Dattawa kuwa suna tsaki, suna cewa wannan shashanci ne na Turawa da 'yan boko. Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, ya saki rabi.

Bari mu fara duba dalilin da ke kai Bature bakin teku. Mutumin Ingila ko Suwidin yakan yi watanni cikin sanyi da hazo, rana ta fito a makare ta faɗi da wuri, saboda haka idan ya sami hutu sai ya tara guzirinsa ya nufi ƙasashe masu zafi, ya shimfiɗa jikinsa a rana kamar mai shanya kuɓewa. Mu kuwa rana ba baƙuwarmu ba ce. Mutumin da ya sha zafin watan Afrilu a Bauci, in ka ce masa ya biya kuɗi ya kwanta a rana, ai sai ya yi zaton ka taɓu. Abin da jikinmu yake bukata shi ne inuwa da ruwa da shiru. To, ashe ke nan ko da mun yarda hutu abu ne mai kyau, babu tilas mu kwafi na wani yadda yake.

Kuma shi kansa bakin tekun namu ba kusa yake ba. Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 850, amma daga Bauci zuwa Ikko tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota. Ga shi tekun Atlantika a wannan yanki yana da igiya mai ƙarfi, wadda kan janye ko da gwanin iyo, balle ɗan tudu wanda iyakar saninsa rafin garinsu. Tsofaffin ma'aikata da suka zauna Ikko a da suna tuna Bar Beach, inda jama'a kan taru ran Lahadi da ranakun Salla. Wannan wuri yanzu ya zama labari. Katangun duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da igiya ke kawowa, teku ya yi ta cin gaɓa shekara da shekaru, daga baya aka cike wurin aka kafa sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Mai son bakin teku a yau sai ya nufi Lekki ko Badagiri ko Tarkwa Bay, kuma wanda Allah Ya ba halin zuwa, madalla, tafiya mabuɗin ilmi ce.

Amma fa mutanen Bauci, in ana maganar wurin hutu, su ne ya kamata a yi wa hassada. Kimanin kilomita 110 daga birni, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, ga gandun dajin Yankari. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sa'an nan a 2006 ya komo hannun Gwamnatin Jihar Bauci. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Matafiyi zai kama hanyar Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, ya karya kudu zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga nan kuma ya ƙara tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin ya isa masaukin baƙi na Wikki. Wanda ya yi sallar asuba a Bauci ya kama hanya, da hantsi yana can.

A gangaren wannan masauki ne maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ita ce abin da nake kira bakin tekunmu. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, yana malala a kan farin yashi, garau da shi har kana iya ƙirga yatsun ƙafarka a ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina, ba ya sākewa. Da hunturu ka ji shi kamar an sirka maka ruwan wanka, da bazara kuma ya sanyaya maka jiki. Faɗinsa kamar mita 13, zurfinsa a inda ya fi zurfi bai kai mita 2 ba, kuma an ƙiyasta yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Manyan itatuwa sun yi masa rumfa. Babu gishirin da zai shiga ido, babu igiyar da za ta fizge mutum. Ban da Wikki akwai waɗansu maɓuɓɓugan masu ɗumi a cikin gandun, kamar Dimmil da Gwan, amma ita ce babbarsu.

Wanda ya gaji da ruwa kuma yana iya shiga motar zagaya tare da ma'aikacin gandu, da sassafe ko da la'asar, lokacin da namun daji ke gangarowa Gaji shan ruwa. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da gadu, ga dorina da kada a ruwa, ga tsuntsaye fiye da iri 350. In da rabo a yi kiciɓis da giwaye, gama garken Yankari yana cikin mafiya girma da suka saura a ƙasar nan. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, da kufan maƙera inda mutanen da suka narka tama, abin da ke nuna cewa wannan daji ya taɓa zama gari. A shekarar 2000 an ƙiyasta baƙi fiye da 20,000 suka ziyarci wurin, daga ƙasashe sama da 100. Abin kunya shi ne akwai magidanta haifaffun Bauci, masu mota da albashi, waɗanda suka yi furfura ba su taɓa leƙa shi ba, balle matansu.

To, yanzu mu zo ga gundarin maganar. Me ya sa miji da mata suke bukatar irin wannan fita? Ka duba yadda kwanan magidanci yake tafiya a garuruwanmu. Ya fita da safe, ya dawo da yamma, ya yi sallar magariba a masallacin unguwa, ya zauna majalisa har ƙarfe goma. Uwargida kuwa tun asuba tana tsakanin murhu da wanki da yara, in ma'aikaciya ce ko 'yar kasuwa ta haɗa taura biyu. Idan sun haɗu, zancensu bai wuce cefane da kuɗin makaranta da gudummawar bikin wance ba. A haka za a shekara goma, ashirin, ana kwana ɗaki ɗaya amma kowa bai san abin da ke cikin zuciyar ɗan'uwansa ba. Ranar da ƙaramin saɓani ya taso sai a ga ya zama babba, har a kai ga zauren alƙali, dangi suna mamaki suna cewa ai ba a taɓa jin kansu ba. Gaskiya ne ba a taɓa jin kansu ba, domin su ma ba su taɓa jin juna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dokar ƙwadago ta 1974 ta ba kowane ma'aikaci da ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, manyan ma'aikatan gwamnati kuwa suna da kwana 30. Ina wannan hutu yake tafiya? Wani ya ƙare shi a gona, wani a bin bashi, wani a zaman ƙofar gida, wani kuwa ya ɗauki jaka ya tafi Kaduna ko Jos shi kaɗai. Ita uwargida babu dokar da ta ba ta hutu. Tukunya ba ta san Asabar da Lahadi ba. Kwana biyu da za ta yi ba ta hura wuta ba, wani ne ya dafa ya kawo mata, ta zauna a inuwa mijinta yana sauraron maganarta har ƙarshe, wannan ya fi mata turmin atamfa, ko da ba za ta faɗa ba.

Na san za a kawo mini hanzari, kuma ya kamata a amsa. Na farko, za a ce al'adarmu ta kunya ba ta yarda mutum ya riƙa yawo da matarsa ba. Kunya ado ce, babu mai musu. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi tafiya da iyalinsa, har ya taɓa yin tseren gudu da Nana A'isha a kan hanya. Wanda ya fi kowa kunya ya yi haka, to mu wace kunya ce ta hana mu? Na biyu, za a ce wuraren wanka wuraren tsiraici ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman a ranakun Salla da Kirsimeti da lokacin da ɗalibai suka zo rangadi, sa'ad da wuri kan cika maƙil. Maganinta shi ne zaɓen lokaci: a je tsakiyar mako, a gangara ruwa da sassafe kafin jama'a su fito, kowa da suturarsa ta mutunci. Wadda ba ta son shiga ma ta zauna a gefe ta tsoma ƙafa, babu wanda ya ce dole.

Na uku, mai mata biyu ko uku zai ce, "Malam, kana so ka kunna mini wuta a gida?" A'a. Sunna ta riga ta warware wannan, gama Manzon Allah yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A yi ƙuri'a, ko a bi girma, a fara da uwargida, a sanar da kowa ranar da nata zai zo, kuma a cika alkawari. Wanda ya ɗauki amarya ya bar uwar 'ya'yansa tana wanke-wanke, shekara bayan shekara, kada ya ce a filin nan ya karanta. Na huɗu shi ne kuɗi, kuma lalle zamani ya yi tsada. Sai dai daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ba shi da halin kwana yana iya zuwa ya wuni ya dawo, uwargida ta soya kaza, a biya a sayi masar Bauci a ƙunsa. Wanda Yankari ta yi masa nisa, ga gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, ga kuma bakin madatsar ruwa ta Gubi a kusa da gari. Abin da ake kashewa a anko ɗaya na biki ya isa irin wannan fita.

Ga mai niyya, ga 'yan shawarwari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin Gaji. A nemi masauki tun kafin a tashi, a tambayi halin da hanya take ciki, a yi tafiya da rana. A bar yara wurin kaka ko gwaggo. Suna da tasu ranar. A riƙe gidan sauro da magani. A kula da birai na Wikki, domin gwanaye ne wajen fizge ƙunshin abinci daga hannun baƙo, har ɗaki sukan shiga in an bar ƙofa a buɗe. Wayar hannu kuma a jefa ta cikin jaka, gama wanda ya kai matarsa Yankari ya wuni yana latse-latse, daidai yake da wanda bai bar majalisa ba.

Daga ƙarshe, kira ga hukuma. Wurin hutu amana ne. Ɗaki mai tsabta, da ruwan famfo, da wuta, da hanya mai kyau, su ne ke sa baƙo ya sake dawowa. Zai kyautu a keɓe wa iyalai da mata wasu sa'o'i a bakin Wikki, a kuma rangwanta wa 'yan jiha farashi a ranakun da babu cinkoso. A ƙarfafa wa masu gadin daji gwiwa a kan maharba, a kuma dubi manoman ƙauyukan kewaye waɗanda giwaye kan yi wa ɓarna a gona, domin maƙwabcin da bai ga amfanin gandu ba ba zai taya tsaronsa ba. Mutanen Ikko sun wayi gari babu Bar Beach. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su ji labarin giwar Yankari a tatsuniya.

Saboda haka, maigida, in hutunka na bana ya zo, ka ware kwana biyu daga ciki, ka kira uwargida ka ce mata ta shirya jaka. Za ta tambaye ka, "Malam, lafiya? Wa ya rasu?" Ka ce mata lafiya lau, babu wanda ya rasu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.