Tsakanin Kano da Jidda Akwai Sudan

Idan jirgi ya miƙe daga Kano zuwa Jidda, tafiyar kimanin kilomita 3,400 ce, wato awa huɗu da rabi zuwa biyar a sama. Shi ya sa maniyyaci kan yi sallar Asuba a gida, La'asar ta same shi a ƙasa mai tsarki, ko da yake agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu. Mun saba da wannan sauƙi har mun manta ƙasashen da muke ratsawa ta kansu: Chadi, sannan Sudan mai faɗi, kafin Bahar Maliya.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 aka tuna mana. Yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, aka rufe sararin samaniyar Sudan ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta kai kusan awa bakwai, kamfanonin jirage kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda man da za a ƙona. Tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya kuɗin kujera, ita ma yaƙin ya taɓa lalitarta.

Abin da ya dame ni a lokacin shi ne yadda muka karɓi labarin. A majalisun hira da na zauna, maganar ƙarin kuɗi ake ta yi, ba a cika tambayar halin da mutanen ƙasar suke ciki ba. Alhali kuwa wannan hanya tamu ce tun kaka da kakanni. Da ƙafa da jakuna suka bi ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar teku a Suwakin, suna noma da ƙwadago a hanya, wasu sai sun shekara da shekaru kafin su ga Ka'aba. Da yawa sun zauna can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har gobe ana jin Hausa a cikinsa. Hatta jiragen da suka fara sauka a Kano a 1925, ta Sudan suka biyo daga Masar.

Don haka ina ganin Sudan ta cancanci fiye da ƙorafin farashi daga gare mu. Gidajen rediyonmu su riƙa ba da labarinta a kai a kai. Limamai su sa ta cikin addu'ar Juma'a, masu hali su kai gudummawa ga 'yan gudun hijirar da suka cika gabashin Chadi. Gwamnatocin Najeriya da Nijar kuma su matsa a Tarayyar Afirka a tsagaita wuta. Mutanen da suka ba kakanninmu masauki da ruwan sha a hanyar Makka, yau su ne ke neman masauki, kuma zumunci ya wajabta mana mu tsaya musu.