Gonakin rani, gawo da murfin bokiti: filin wasan da ke bayan makarantarmu

Duk wanda ya taɓa zama taron malamai da iyayen yara a Matameye ko ƙauyukan kewaye ya san amsar da ake bayarwa idan aka tambayi dalilin da ya sa yara ba sa motsa jiki a makaranta: babu fili, babu kaya. Fili a wajenmu shi ne shimfiɗaɗɗen wuri da aka sassabe aka kafa wa raga biyu. Kaya kuwa ƙwallo ne da riguna. Tun da babu su, sai awar motsa jiki ta koma awar shara, ko a sallami yara su tafi gida. Ni ma na daɗe ina ba da wannan amsa, har ranar da ƙanena ya nuna mini wani wasan Turawa a wayarsa, na gane ashe uzurin namu ba shi da ƙarfin da muke zato.

Wasan ɗan'uwan golf ne, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, amma babu sanda babu ƙwallo. Faifai ne na roba, faɗinsa kamar na farantin cin abinci, nauyinsa bai wuce giram 200 ba. Mutum zai tsaya a wani wuri ya wurga shi zuwa ga wani kwando da aka kafa can nesa. Inda faifan ya faɗi, nan zai je ya tsaya ya sake jifa, har ya shiga. Akan jera irin wannan zango 9 ko 18, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya kafa filin farko na dindindin a Oak Grove da ke jihar Kalifoniya a 1975, shekarar da mu kuma aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua. A 1976 ya kafa ƙungiyar masu wasan, daga baya ya ƙera kwando mai sarƙoƙi da ke cafke faifai. Kafin kwandon ya zo, itatuwa da turaku ake auna. Yau ƙasar Finlan, wadda mutanenta ba su kai miliyan shida ba, tana da ɗaruruwan irin waɗannan filaye.

Abin da ya ja hankalina shi ne wurin da ake yin wasan. A hoton da na gani, mutanen suna hawa tudu suna gangarawa kwari, suna ratsa itatuwa, faifai na bugun reshe yana karkacewa. Ba su sare itace ko ɗaya ba, ba su baje tudu ba. Filin da ya fi tudu da gangare da itatuwa shi suka fi so, domin cikas ɗin shi ne daɗin wasan. Sai na tuna abin da ke bayan makarantarmu.

Daga an gama girbi, hukuma ta ba da ranar sakin gonaki, har zuwa faɗuwar ruwan shuka, gonakin ƙasar Kantche a buɗe suke wata da watanni, kuma wannan lokaci ya yi daidai da mafi yawan shekarar karatu. Ba mu da manyan duwatsu irin na Birnin Damagaram, amma muna da jigawa da tudu da gangaren da ke sauka zuwa fadama. Muna kuma da gawo. Tun tsakiyar shekarun 1980 iyayenmu suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itace a gona maimakon su tumɓuke shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka manoman Nijar suka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, kuma Magaria da Matameye da Mirriah na cikin wuraren da ake kafa misali da su a duniya. Gawo kuwa Allah ya yi shi da nasa hali: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Wato lokacin da yaro ke bukatar inuwa, lokacin ne gawo ke ba da ita.

Gani ya kori ji, don haka na gwada. Wata Laraba da la'asar, cikin hunturu, na ɗauki 'yan ajin CM2 muka fita bayan makaranta da murafan bokitin roba guda shida da muka tsinto a gidaje. Tun da farko na je na sami dattijon da ke da gonar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, ba na hana yara wasa, amma kada wanda ya hau mini gawo, kada a kakkaɓe 'ya'yansa, na tumakina ne." Na ce: "Baba, na ɗauki alkawari." Muka zaɓi itatuwa shida, kowanne muka ɗaura masa tsumma a gindi. Duk wanda murfinsa ya taɓa gindin itacen ƙasa da tsumman, ya gama wannan zango.

Zango na farko a kan shimfiɗa yake, bai ba kowa wahala ba. Na biyu hawa ne. Samarin ajin suka zage ƙarfi, murfi ya tashi sama ya tsaya kamar shirwa, iska ta dawo da shi kusan inda aka jefo shi. Aka yi dariya. Na uku gangare ne zuwa wani kwari, nan kuma wanda ya cika ƙarfi sai murfinsa ya sauka a kan gefe ya yi ta gangarawa har ya wuce itacen da taku ashirin. Wadda ta ci a ranar wata yarinya ce da ba ta cika magana a aji ba. Ita ba ta jifa da ƙarfi. Takan ɗebi rairayi ta saki ta ga inda iska ta nufa, ta yi gajeren jifa ƙasa-ƙasa, ta ƙara wani, ta isa. Da muka dawo aji washegari na tambayi dalilin da ya sa murfi ke tashi idan an jefa shi gaba da iska, yake kuma saurin faɗuwa idan iskar na bayansa, hannuwa sun fi goma a sama, har da na waɗanda na saba gani suna gyangyaɗi.

Daga wannan yini na fitar da abubuwa uku da nake son malamai da iyaye su duba.

Na farko, wasa ne da 'ya mace za ta yi da hijabinta, ba gudu, ba cakuɗa jiki, ba sauya tufa. Mun san yadda abin yake a garuruwanmu: yarinya tana kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, an rufe mata babin wasa. 'Yar gala-gala da carafke sun zama na ƙannenta, ƙwallo kuwa ta maza ce. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun isasshen motsa jiki, kuma abin ya fi yawa ga mata, kashi 85, a kan maza, kashi 78. Shawarar hukumar ita ce minti 60 a kowace rana. Sai ga mu muna kai 'yan mata gwajin motsa jiki na jarrabawar BEPC, muna so su yi gudu su yi tsalle, alhali sun shekara huɗu ba wanda ya fitar da su fili yadda ya kamata.

Na biyu, babu alƙalin wasa. Kowa shi ke ƙirga jifansa, abokan tafiyarsa ne shaidu. Yaron da ya yi jifa biyar ya ce huɗu, a take za a gane shi, kuma kunyar da zai ji a gaban tsararsa ta fi bulalar malami tasiri. Muna kukan satar amsa a jarrabawa kowace shekara. Gaskiya ba a allo kaɗai ake koyon ta ba, sai an sa yaro a inda ƙarya za ta amfane shi, ya zaɓi ya bar ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, darasi ne a tafe. Auna nisa da taku, mayar da taku zuwa mita, zana taswirar filin, gane gabas da arewa ta hanyar iskar hunturu, duk suna cikin manhajarmu. A wannan wasa kowane zango yana da adadin jifan da ake sa ran a yi. Wanda ya yi ƙasa da haka ana rubuta masa ragi, wanda ya haura a rubuta masa ƙari. Duk malamin lissafi na kwaleji ya san irin gumin da ake sha kafin yara su yarda akwai lambar da ta gaza sifiri. A fili kuwa, cikin yini ɗaya yaro zai gane cewa mai ragi biyu ya fi mai ragi ɗaya.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin an faɗa mini a ido: yaran karkara ba su rasa motsa jiki ba, suna ɗebo ruwa, suna kiwo, suna daka, suna talla. Gaskiya ne. Sai dai aiki daban, wasa daban. A wajen aiki ana gaya wa yaro abin da zai yi. A wajen wasa shi ke yanke shawara, ya yi kuskure, ya gyara, ya sha kaye ya haƙura. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita, ta sa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Kafin wannan ma, malamanmu na addini sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma ƙarfafa koyon harbi. Wasan da bai hana salla ba, bai hana karatun allo ba, babu caca a cikinsa, ban ga inda ya saɓa wa tarbiyya ba.

Wasu kuma za su ce: langa tana mutuwa, dara ta koma hannun tsofaffi, kai kuma kana kawo mana wasan Amurka. Wannan magana tana da nauyi, kuma ina tare da masu yin ta fiye da yadda suke zato. Ba ina kira a yi odar kwanduna daga Turai ba ne, ko a jira wata ƙungiya ta kawo tallafi. Kokawa ta zama abin alfaharin ƙasa ne saboda an ɗauke ta da muhimmanci, aka yi mata doka da fili da takobi, har sunaye irin su Kantu na Maraɗi da Balla Haruna na Damagaram suka shiga kowane gida. Langa ma tana jiran wanda zai yi mata haka a makarantu. Abin da na aro daga masu faifai tunani ne kawai: a dubi ƙasar da ake da ita, a gina wasa a kanta. Filin da aka samu don jifan faifai, a gefensa za a yi langa, a inuwar gawon a haƙa gurabun dara.

Akwai matsaloli na gaske da bai kamata a ɓoye ba. Gona tana da mai ita, ko da babu shuka a cikinta, don haka ba a shiga sai da izini, kuma ya fi kyau a bi ta wajen mai gari. Da rani dabbobi na cikin gonaki, makiyaya na da haƙƙinsu, dole a kauce musu. Ƙananan itatuwan da manomi ke reno ba abin jifa ba ne. Inda babu babban itace, a kafa turke. Akwai ƙayar gawo da ƙarangiya, don haka kowa ya sa takalmi. Daga Maris zuwa Mayu zafi ba ya barin a fita sai da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a hannu. Faifan gaske na wasan yana da kaifin baki, yana iya wuce mita 100, yana kuma iya ji wa mutum ciwo. Murfin bokiti bai kai haka ba, amma dokar ɗaya ce: wanda ya fi nisa da itacen shi ke fara jifa, saura duk su tsaya a bayansa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Matameye gari ne a kan hanyar Damagaram zuwa Kano ta Dan Barto, kuma kowa na ganin yadda yake faɗaɗa. Gonar da muke wasa a cikinta muna yara yau unguwa ce. Duk sa'ad da aka yanka filaye akan tuna da masallaci da kasuwa, wani lokaci da makaranta, amma da wuya a ji wanda ya tashi ya ce ina yara za su yi wasa. In muka yi shiru, nan da 'yan shekaru maganar "babu fili" za ta zama gaskiya, yaran kuma su ƙare a bakin titi da waya a hannu.

Don haka ga roƙona. Malamai, kada mu jira kaya: murfi shida da tsumma shida sun isa a fara a wannan makon. Kwamitocin iyaye na makarantu su je da kansu su nemi izinin masu gonakin da ke maƙwabtaka da makaranta, a yi magana a gaban mai gari, a ajiye sharuɗɗa. Iyaye mata su bar 'yan mata su fito, in da hali ɗaya daga cikinsu ta raka su. Magajin gari da masu yanka filaye kuma su ware wa kowace sabuwar unguwa wurin wasa, su bar itatuwan da ke ciki a tsaye.

Dattijon mai gonar nan ya zo kallo a mako na uku. Ya tsaya a inuwa yana dariyar yadda iska ke wasa da samari, daga baya ya karɓi murfi ya ce bari ya nuna musu yadda ake jifa. Jifa huɗu ya yi ya taɓa gawon da shi da kansa ya rena tun yana toho. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.