Zauren 'Yan Mata: "Idan" Daban, "Da" Daban

 

Yau zancen Turanci za mu yi, kar wata ta yamutsa fuska. Wata ƙanwata 'yar aji shida ce ta rubuto daga Gangara ta ƙaramar hukumar Jibiya, abu biyu sun hana ta barci. Na farko jarrabawar WAEC da NECO, don duk wadda ba ta samu kiredit a Turanci ba, wato daga C6 zuwa sama, ƙofar jami'a a rufe take gare ta. Na biyu kuwa wani ɗan kasuwa ne da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya aiko mata da cewa, "If I got the money, I would send my people." Shi ne take tambaya, Anti, alkawari ne wannan ko kuwa?

To ƙanwata, gyara zama. Mu a Hausa kalma biyu gare mu. Akwai "idan", ta abin da ake sa ran zai faru. Akwai kuma "da", ta abin da babu shi a hannu ko wanda ya riga ya wuce. Shi Bature "if" ɗinsa guda ɗaya ce tak, sai ya ɗora bambancin a kan kalmar aikatau da ke biye.

Hawa na farko shi ne na sa rai: "If the border opens, I will come." Idan an buɗe boda zan zo. Ku mutanen Jibiya kun fi kowa sanin nauyin wannan magana, tunda an rufe bodar a 2019, ba a buɗe taku ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. Duk tsawon lokacin nan mutane na sa ran buɗewa, shi ya sa "opens" da "will" suka dace.

A nan ne yawancinmu ke zamewa. Mu mukan ce "idan ya zo", kamar abin ya riga ya faru, alhali gobe muke nufi. Sai yarinya ta ɗauko wannan ta rubuta "If he came, I will tell him", mai maki kuwa ya ja mata jan biro. Daidai shi ne "If he comes". Haka kuma kar ki ce "If he will come" idan zuwan kawai kike nufi, "will" ɗin nan ta ɗaya ɓangaren ce.

Hawa na biyu shi ne na mafarki: "If I had a car, I would take you to Katsina." Da ina da mota da na kai ki Katsina. Kin ga "had" kamar ta jiya, amma maganar yau ake yi, motar ce dai babu. Nan ne ake cewa "If I were you", da ni ce ke.

Hawa na uku kuwa na nadama ne: "If I had read, I would have passed." Da na yi karatu da na ci. Bakin alƙalami ya bushe, da na sani ƙeya ce. Ki riƙe su bibbiyu: "comes" da "will", "came" da "would", "had come" da "would have". Duk tambayar da aka kawo miki a cike gurbi, fara duba wace ce a ɗaya ɓangaren, ita za ta nuna miki abokiyar tafiyarta.

Yanzu sai maganar mutumin naki. Abin da ya rubuto hawa na biyu ne. A Hausance cewa ya yi, da zan samu kuɗi da na turo magabatana. Wanda ya sa rai cewa zai yi "If I get the money, I will send my people." Amma fa ban ce ki yanke masa hukunci da nahawu ba, don mai yiwuwa shi ma Turancin nasa na tsintuwa ne, balle in a Maraɗi ya yi boko da Faransanci. Ran da ya zo zance ki sa shi ya maimaita da Hausa, ki kasa kunne ki ji "idan" zai ce ko "da". In "idan" ce, ki tambaye shi yaushe, da girbi ko bayan Sallah? Mai son aure da gaske iyayensa yake turowa gidanku da goro. Kafin nan ki rungumi littafinki, kar zaman jira ya sa ki rasa jarrabawar, a yi biyu babu.

Ga aikin gida: kowacce ta mayar min da "Da kin faɗa min da na zo" zuwa Turanci, ta aiko. Wadda ta fara dacewa zan ambace ta a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, na bar ku lafiya.