Ra'ayinmu: Daji Ya Yi Duhu, Saniya Tana Kwana Da Yunwa



Duk wanda ya bi burtali a jihohin Maraɗi, Damagaram da Dosso ya ga abin da muke magana a kai. Filayen da iyayenmu suka sani da gamba, kyasuwa, burburwa da gadagi, yau garmani ya rufe su, ga tumfafiya da fataka. Can bakin tafkin Cadi wajen N'Guigmi kuwa, icen ƙayar nan na furozofis da aka kawo bayan farin shekarun 1970 don tsayar da rairayi ya zama ƙurmi, har ya toshe wa dabbobi hanyar ruwa a wurare da dama. Baƙo zai ga daji kore shar ya ce an gode Allah. Makiyayi ya san saniyarsa ba ta ƙoshi ba.

Abin da ido ba ya gani shi ne abin da ke faruwa cikin ƙasa. Wanda ya taɓa sayen takin zamani ya ga an rubuta 15-15-15 a jikin buhu. Lambobin nan uku suna nufin abinci iri uku da tsiro ke bukata: naitirojin, fosfor da fotash. Ƙasar jigawa tamu dama ba ta da su da yawa, musamman fosfor. Idan ciyawa ce ta rufe fili, ɗan abin da ake da shi yana baje ko'ina. Idan ƙananan itatuwa suka karɓe wurin, saiwoyinsu na zuƙo abincin daga nesa da kuma can ƙasa, ganye ya zube a gindinsu, iska ta tara musu ƙura da yayi, dabbobi su kwanta a inuwarsu su bar kashi. Ta haka gindin icen yake yin ƙarfi, tsakanin ice da ice kuma ya tsiyace, ya zama faƙo, ruwan sama ya gudu bai shiga ba.

Amma kada mu yi wa itatuwa kuɗin goro. Binciken da aka yi a ƙasar Senegal ya nuna sabara da kalgo suna ƙara wa ƙasar gindinsu ruɓaɓɓen ganye da naitirojin, har sukan jawo laima daga ƙasa da dare. Ɗunɗu, bagaruwa da gawo suna kama naitirojin daga iska ta hanyar ƙulle-ƙullen saiwoyinsu. Garmani kam ba ya yin wannan aiki, ci kawai yake yi, ya hana ciyawa fitowa. Ashe matsalar tana ga iri da kuma yawa.

Ga inda haɗarin yake. Da zarar hurumin kiwo ya cushe, sai a ce ai ya mutu, ba mai amfani da shi. Sai a sare, a ƙone, a shuka hatsi. Shekarun farko gero ya yi kyau, don yana cin ajiyar da ke gindin itatuwa da tokar da wuta ta bari. Naitirojin kuwa mafi yawansa ya bi hayaƙi. Bayan 'yan shekaru gonar ta gaji, manomi bai ci riba ba, makiyayi ya yi asarar hurumi har abada.

Masu ɗora wa makiyayi laifi suna cewa yawan kiwo ne ya jawo. Akwai gaskiya a ciki, amma me ya tara dabbobi wuri guda? Gonaki sun cinye burtali, an matse garke a ɗan fili tun farkon damina, ciyawa ba ta samun zubar da iri. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu 2010 sun amince da haƙƙin makiyayi, ta biyun ma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali. Dokar da ke kwance a aljihun tebur ba ta cire garmani.

Don haka muna kira ga kwamitocin filaye da ma'aikatan kiwo da na gandun daji: a shata hurumi, a kafa masa alama, ko ya cushe ko bai cushe ba. Furoje da za ta gyara fili ta zauna da masu dabbobi kafin ta kawo ma'aikata. Mu kuma mu yi gayya, mu tuge garmani kafin ya yi 'ya'ya, mu watsa irin ciyawa, mu bar wurin ya huta. A rage itatuwa, kada a share su ƙaf. Rassan da aka sare a shimfiɗa su a kan faƙo, gara za ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanya.

Ƙasar nan amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu. Amin.